Abin da Ke Cin Ƙwai a Ƙarƙashin Buntu

Lafiya, ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da ƙawata, jikata Yagana. Allah ya sa kun shiga sabon gidan nan na Shabu a sa'a, ya tsare ku a ɗaki, ya tsare ku a tsakar gida, ya ba ku maƙwabta na gari. Ki gaida maigidan naki da kyau.

Labarin unguwa ba zan ba ki ba, kina ji a waya. Kuma kin san halinki, in na kira ki ba kya bari in kai ƙarshen magana, sai "To Mama, na ji, na ji," kina dariya. Shi ya sa na ɗauki biro. Ranar da kuke loda kaya na ji kina cewa filin bayan gidan nan za ki rufe shi da buntun shinkafa tun daga ƙofar kicin har jikin katanga, ki yi lambu irin nawa. Maigidanki yana gyaɗa kai, wai haka ƙasa take so. Gaskiya ya faɗa, ƙasa tana so. Ban tanka ba, don ba a ja da suruki a bakin titi. Amma Yagana ta fara rarrafe, kuma ba abin da ba ta kai wa hannu. Saboda ita nake wannan rubutu, ba saboda kuɓewa ba. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake.

Lambun da kika taso kika gani kore shar, ba haka ya fara ba. Da aka kawo ni gidan nan, abin da na sani shi ne shara. Haka uwata ta koya min: tsakar gidan mace ya zama fes, ko ganye ɗaya kada rana ta fito ta gani. Kullum sai in share ganyen mangwaron nan tas, in tara a bayan ɗaki in banka masa wuta, ina jin kaina wata gwana. Na yi fangali na zuba alayyafo da yakuwa da kuɓewa, su ma ina share tsakaninsu. Ke dai bari. Zafin Lafiya kin san shi. In na ba su ruwa da safe, kafin azahar ƙasar ta bushe ta tsage, ta yi tauri kamar gindin tukunya. In ruwan sama ya zo kuma ya kwashe ta kan ya kai kwata. Shekaru ina wannan wahala, ina cewa hannuna ne ba shi da albarka.

Akwai wata mata 'yar Keana da take kawo mana gishiri a kai, muna ce mata Iya mai gishiri. Ba ki san ta ba, kina ƙarama ta daina zuwa. Wata rana ta sauke kaya tana shan ruwa, ta dubi lambun ta yi tsaki. Ta ce, "Maman yara, wannan ƙasa naki tsirara yake. Ke za ki iya kwana a rana ba zane? Ganye da kina ƙonawa ɗin nan, shi ne zanensa."

Na ji haushi, wallahi, amma na gwada. Na jiƙa fangali ɗaya sosai, na lulluɓe shi da busasshen ganye, na sa aka kawo min tsohon buntu daga wajen masu casar shinkafa na zuba a kai. Bayan 'yan kwanaki na tura hannu ƙarƙashi da tsakar rana, sai na ji sanyi da laima, kamar na taɓa wani abu mai rai yana barci. Da na ɗaga, ga tana, ga wasu fararen zare-zare sun bi ganyen, ga ƙananan halittu da ban san sunansu ba suna gudu daga haske. Kafin damina ta ƙare ganyen nan ya ɓace. Ba iska ta kwashe ba, ƙasa ce ta shanye shi, ta yi baƙi, tana ƙanshi. Saboda haka kada ki ƙona ganye, Falmata. Ki jiƙa ƙasa tukuna sannan ki rufe, don in kika rufe ta a bushe, a bushen za ta zauna. Kauri kamar faɗin tafin hannunki ya isa. Buntu ki nemi wanda ya kwana biyu ya yi duhu, ɓawon gyaɗa ma yana yi. Ciyawar bakin hanya kuwa kada ki yarda, yanzu kowa feshin magani yake yi, ki kwaso wa shukarki ajali da hannunki.

Da na ga abin ya yi, sai na zaƙe. Kin san ni, ba na yin abu rabi. Na sa aka yanko ɗanyar ciyawa na jibga wa tumatir da attaruhu har wuya. Da safe na fito na ga tsibin yana hayaƙi ba wuta. Na sa hannu, zafi rau kamar jikin mai zazzaɓi. Gindin tumatir ɗin duk ya yi laushi ya ruɓe, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. To ki kiyaye. Ɗanyen abu ki bar shi ya sha rana kafin ki shimfiɗa, kuma ki bar ɗan fili kewaye da gindin kowace shuka ya sha iska. Wannan asarar tumatir ce kawai, na yi ƙunƙunina na wuce.

Wanda zan gaya miki yanzu shi ne dalilin takardar.

Shekarar da kike rarrafe, lambun ya kai inda ake shigowa kallo. Ni kuma na ce me ya sa zan tsaya a fangali? Na bi da buntu da ganye har jikin katangar baya, inda bulo ya ɗan tsage daga ƙasa. Na bi da shi har gindin randuna, don ruwan da ke tsatsowa kada ya tafi a banza. Na bi da shi har ƙarƙashin mangwaro. Tsakar gidan da nake sharewa fes ya koma shimfiɗa ɗaya, in kin taka ƙafarki ta nutse, ba ƙara. Wajen ya yi sanyi sosai, har da azahar sai in kai tabarmarki gindin mangwaron in ajiye ki, in koma kicin. Babanki yana ofis, yayyenki suna makaranta, daga ni sai ke.

Da farko kwaɗi ne suka cika wajen. Ko'ina ka ɗaga ganye sai ka ga kwaɗo ya zuba maka ido. Na ji daɗi, don suna cinye ƙwari. Sai kuma na lura sun fara raguwa. Ban ga gawar ko ɗaya ba, raguwa kawai suke yi, har aka wayi gari babu su. Bayan su sai kaji. Kajin nan da nake fama da su kullum suna tone min buntu, sai suka daina zuwa kusurwar katanga. Su zo su tsaya daga nesa, su miƙe wuya, su karkata kai suna kallon wajen da ido ɗaya, sannan su juya a hankali. Ko tsaba na watsa can, sai dai ta kwana. Wajen ya yi tsit. Da tsakar rana, in na tsaya na kasa kunne, ba abin da nake ji sai gara tana cin ganye daga ƙasa, wani ɗan sauti kamar yayyafi.

Wata rana da hantsi na ga wata hanya a kan buntun, sumul, kamar an ja taɓarya, ta taso daga gindin randa ta nufi katanga ta ɓace. Da a kan sharar da na saba yi ce, da ko yaro ya karanta abin da ya wuce. Amma buntu ba ya riƙe sawu da kyau, ni kuma zuciyata ba ta so ta gane. Na sa ƙafa na shafe.

Goggonki Fanna, yayar babanki, Allah ya ji ƙanta, ta zo wuni a satin. Na kwashe duka na gaya mata. Ta tashi ta je ta tsaya daga nesa kamar yadda kajin ke yi, ta daɗe tana kallo, sannan ta dawo ta rage murya.

Ta ce, "Bintu, gidan nan tun kafin a gina shi akwai mai shi. Kin yi masa shimfiɗa mai sanyi, ya dawo. Kada ki tone, kada ki ambaci komai da suna. Ki riƙa ajiye masa ɗanyen ƙwai da ɗan nono a ƙoƙo, ku zauna lafiya."

Na ce, "Yaya, in gaya wa Malam, ƙanenki?"

Ta ce, "Ki gaya masa ya zo da manjagara ya jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu? Ki yi shiru da bakinki."

Na yi shiru da bakina. Washegari na ajiye ƙwai da nono a kusurwar, na ja da baya ban waiwaya ba. Da la'asar na leƙa. Nonon yana nan, ƙudaje sun kewaye shi. Ƙwan babu. Ba ɓawo, ba ɗigon gwaiduwa, ƙoƙon ma bai gusa ba. Na sake ajiyewa, aka sake ɗauka. Da na gaya wa Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi, ya karɓa." Ni ma, Allah ya yafe min, daɗi na ji. Ina tsoro ina jin daɗi, ni ce mai gidan da aka karɓi sadakarta.

Ke kuma a lokacin rigimammiya ce ta gaske. Kuka ba dare ba rana, bayana har ya yi kanta da goyo. Amma tun da aka fara ajiye ƙwan nan, in na zaunar da ke a tabarmar gindin mangwaro sai ki yi shiru. Ina kicin sai in jiwo ki kina ɓangala dariya ke kaɗai, kina gwalantu kamar mai hira da wani. In na leƙo ta taga sai in ga kin juya min baya, kin fuskanci katanga, kina miƙa hannu. Sannan kika koyi wani abu da ba wanda ya koya miki: ki zauna ki miƙe wuya, kina kaɗa kai a hankali, dama, hagu, dama, hagu, idonki a waje ɗaya. Goggo ta gani ta ce wasa yake miki, yana son ki, yaran da ake yi wa haka suna yin arziki. Na yarda, Falmata. Mace da hankalinta, mai salla biyar, na yarda.

Ranar da abin ya faru kajin sun yi kwanaki ba su yi ƙwai ba, ban ajiye komai ba. Azahar ta yi, rana tsaka, ko ganye ba ya motsi. Ina tuƙa tuwo sai na lura ban ji dariyarki ba. Shirun ne ya fito da ni, da muciya a hannuna.

Kina zaune a bakin tabarma kina kaɗa kai. A gabanki, kusa da har in kika miƙa hannu za ki taɓa, buntun ya buɗe, gamsheƙa ya taso daga ciki, baƙi wuluk, ya fasa kai, tsayinsa daidai fuskarki. Yana kaɗawa kina kaɗawa. Ban san wa ke bin wani ba. Ƙafarki ɗaya tana kan jikinsa inda ya bi ta ƙarƙashin ganye, kin ɗora ta kamar yadda kike ɗorawa a cinyata.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da na sani, kin ɗaga hannu za ki kama wuyansa, ni kuma na saki muciya na yi kanki. Ya juyo. Ban ga komai ba sai ji na yi kamar an watsa min tafasasshen barkono a ido. A makance na laluba na cafki hannunki na fizge ki, na yi ta ja da baya da gwiwa ina ihu, ke kuma kina tsala kuka kina miƙa hannu baya, wajensa.

Allah ya kawo Iya mai gishiri tana bakin zaure. Ta yar da kayanta ta shigo, ta danne ni a ƙasa, tana ɗebo ruwa da bokiti tana kwarara min a fuska, tana buɗe idon da yatsunta tana cewa, "Buɗe shi, Maman yara, buɗe shi ko yana zafi!" Sai da ta ƙarar da randa biyu. Maƙwabta suka kira ɗan acaɓa aka kai ni asibiti. Idon dama ya warke. Na hagun nan da kika taso kika gan shi fari, kin san maciji ne ya tofa min, kowa ya sani. Inda kike zaune a lokacin ne ban taɓa gaya miki ba, don ba labarin da ake ba yaro ba ne.

Babanki ya tara maza suka kwashe buntun nan kaf da manjagara. Sun sami rami a tsagar katanga, sun sami saɓa, wata tsohuwa, wata sabuwa. Sun zuba ruwan zafi, sun yi hayaƙi, sun toshe da siminti. Shi kansa ba a gan shi ba, ba a kashe shi ba. Goggo Fanna ta yi kuka har ta fi ni, ba ta sake ba kowa shawara a kan irin wannan ba har ta koma ga Allah. Babanki kuwa abu ɗaya ya ce min, wai na yi wata da watanni ina kiwon maciji da ƙwan kajinsa a inda 'yarsa ke zama.

Za ki ce to me ya sa ban daina rufe ƙasa ba. Na daina na shekara guda, lambun ya koma gindin tukunya, na dawo. Laifin ba na buntu ba ne. Sanyin da shuka ke so, shi kwaɗo ke so, inda kwaɗo ya taru kuma mai cin kwaɗo zai zo. Sai dai na koma ina yi da hankali, kuma haka nake so ki yi.

Buntu ya tsaya a kan fangali kawai. Tsakanin lambu da ɗaki, da tsakanin lambu da katanga, ki bar hanya mai faɗi tsirara, ki share ta fes da yamma, da safe ki fito ki duba ta kafin kowa ya taka. Ashe sharar da uwata ta koya min ba don tsafta kaɗai ba ce, duk abin da ya ratsa sai ya bar sawu. Kada ki kai shimfiɗa gindin tankin ruwa ko bakin famfo. Tsagar katanga ki sa a toshe tun kafin ki zuba buhu ɗaya. Akurki ya yi nesa da lambu, ƙwai kada ya kwana a ciki. Kada ki tura hannu ƙarƙashin ganye sai kin fara motsa shi da doguwar sanda, kuma buhunan buntu kada su shiga kicin ko ɗaki, a waje za a zazzage su a rana. Tabarmar yarinya a kan siminti, inda idonki yake, ko da zafi zai sa ta kuka. Gara ta yi kuka.

In kuma kika ga abin da ba ki gane ba, kwaɗi sun ɓace, ko kaji sun ƙaurace wa wani lungu, ki ɗauke yarinya tukuna, ki yi addu'arki, sannan ki kira maza su tone. Ban ce babu aljanu ba, akwai su. Amma duk wanda ya ce ki ajiye wa wani abu ƙwai ki yi shiru, ko ni ce na faɗa, kada ki ji.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi min nauyi. Kaɗa kan nan bai bar ki ba. Har yau in kika yi zurfi a tunani, ko kina tsintar shinkafa, sai in ga wuyanki ya miƙe, kanki yana tafiya dama da hagu. Ba ki sani ba, ni kuma in na gani sai in kira sunanki in aike ki wani abu.

Satin da kuka yi a nan kafin ku tashi, ranar da kika je kasuwa kika bar min Yagana, na zaunar da ita a baranda na shiga ɗauko mata ruwa. Da na fito ta sauka. Ta rarrafa ta tsallake hanyar da nake sharewa, ta zauna a bakin fangalin ƙarshe, ta fuskanci kusurwar katangar nan. Ta miƙe wuya tana kaɗa kai, tana dariya. Na sure ta, na rufe ta a ɗaki, na ɗauki sanda na birkice fangalin nan kaf. Ban ga komai ba. Simintin yana nan bai tsage ba, hanyar ba sawun komai sai na gwiwoyinta. An ce maciji ba ya kai waɗannan shekaru a raye. Wataƙila a wurinki ta gani ta koya, haka nake gaya wa kaina. Amma kajina tun ranar ba su sake zuwa kusurwar ba.

Saboda haka maganar da muka yi, cewa in lokacin yaye ya yi za ki kawo min ita ta zauna a wurina, na fasa. Kin san yadda na ƙwallafa rai, har katifa na ɗinka mata. Kada ki kawo ta. Ki kai ta wurin kakarta ta wajen uba, ko ki yaye ta a ɗakinki, mutane su faɗi abin da za su faɗa. In kewarta ta dame ni, Shabu ba nisa, zan hau keke mai ƙafa uku in zo in gan ta a kan siminti.

Allah ya raya mana ita, ya tsare gabanta da bayanta. Allah ya sa ki ci amfanin lambunki da lafiya, ya kare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Na bar ku a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajja Bintu